Kawu, ina so in sarara shekara guda kafin jami'a, amma aljihuna babu nauyi

Assalamu alaikum Kawu. Shekaruna 18, na gama sakandare bana, kuma Allah ya sa na samu gurbi a jami'a, fannin injiniya. Damuwata ita ce ban shirya komawa aji ba. Shekara biyu ina karatun jarabawa ba dare ba rana, yanzu ko littafi na hanga sai kaina ya sara. Kuma tsakani da Allah ban tabbata injiniyan nake so ba. Makina ne ya kai, kowa ya ce in cike, na cike. Ina so in ɗauki shekara guda in sarara, in ga duniya, in gane abin da nake so. Abin da na tara daga koya wa yara darasi zai riƙe ni kamar wata uku in na matse. Na ga wani kamfani a intanet yana kai matasa aikin sa-kai gidan marayu a ƙasar waje na wata uku, amma kuɗinsu ya ninka nawa sau huɗu. Ina tunanin in roƙi Baba ya ara min daga kuɗin rajistar da ya ajiye, in biya daga baya. Mama ta ce in na tsaya sa'o'ina za su wuce ni, kuma ba zan koma ba. Baba bai ce komai ba tukuna. Ina da ƙanne uku. Yaya zan yi?

Ɗanka mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ɗana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma sai a karo na biyu na lura da abin da ka ajiye can ƙarshe kamar ba wani abu ba: ƙanne uku. Su za su yanke mana rabin maganar. Kuɗin rajistar nan kada ka roƙa, kada ka ara. Mai 'ya'ya huɗu ba da rarar aljihu yake tara irin wannan kuɗi ba, wani abu ya hana kansa. Ka ce za ka biya daga baya. Da me? Aikin sa-kai sunansa ya faɗi halinsa, babu albashi. Za ka dawo da hotuna cike da waya, ranar rajista ta zo, mahaifinka ya shiga bin mutane neman rance. Wannan ƙofa mun rufe ta.

Amma ban ce ka fasa shekarar ba.

Na san inda ka samo hoton da ke kanka, saurayi da jaka a baya yana tsaye a bakin wani dutse. Al'adar ta yi ƙarfi ne a Ingila, daga baya ta bazu. A shekarar 2000 Yarima William ya yi mako goma a Chile tare da ƙungiyar Raleigh International kafin ya shiga jami'ar St Andrews a 2001. A 2016 aka sanar cewa Malia, 'yar Barack Obama, za ta yi shekara guda kafin ta fara Harvard a 2017. Mutane suna tuna tafiye-tafiyen, suna manta abin da ya fi muhimmanci: dukansu biyun kujerarsu ta jami'a tana ajiye da sunansu, kuma kowa ya san watan da za su zauna a kanta. Kuɗi kuwa ba abin da za su tsaya lissafawa ba ne. Jami'ar Princeton ma da ta buɗe shirinta na wata tara a ƙasashen waje a 2009, ita ke ɗaukar nauyin ɗaliban, don ta san in an bar wa aljihun iyaye 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su je. Kuɗin waɗannan mutane ba ka da shi. Ajiyayyar kujera kuwa kana iya samu da takarda ɗaya.

A nan ne mahaifiyarka take da gaskiya, kuma gaskiyarta ta fi yadda kake zato. Cewa sa'o'inka za su wuce ka bai dame ni ba. Nan da shekara goma ba wanda zai tambaye ka ko kana 22 ka gama ko kana 23. Amma "ba za ka koma ba" magana ce ta wadda ta ga jiya. Ba wanda ke tashi da safe ya ce na bar karatu. Abin a hankali yake zuwa. Ka fara samun 'yan kuɗi, su yi maka daɗi. Abokanka sun tafi, babu mai yi maka zancen makaranta. Ranar rufe cike takardu ta zo ta wuce, don a da malami ne ke tuna maka, yanzu babu shi. Sai ka ce to, baɗi. Ni kaina na yi irin wannan shekara, sai dai tawa ba zaɓi ba ce, takarduna ne suka maƙale a wani ofishi. Watan farko na ji kamar an sauke min dutse. Zuwa wata na huɗu ina kaiwa azahar a kwance, ban san Talata ce ko Laraba ba, kuma ina jin haushin duk wanda ya tambaye ni me nake ciki. Da ba don wani malamina ya tsare ni da tambaya ba, da wataƙila wani ne yake amsa maka wannan wasiƙa.

Saboda haka aikin farko ba neman tikiti ba ne. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya ko suna yarda a ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa. Wurare sun bambanta ƙwarai. A Birtaniya tun wajen cike takardar UCAS, wato takardar neman shiga jami'o'in ƙasar, ɗalibi yana iya zaɓar shekarar gaba. Jami'o'in Amurka da yawa suna yarda, amma da sharaɗi, galibi kada ka yi rajistar digiri a wata makaranta a tsakani, kuma tallafin kuɗi sai an sake nemansa. A wasu ƙasashen kuwa babu wannan tsari sam, sakamakon jarabawar shiga jami'a na shekara guda ne, in ka bari ya wuce sai ka sake zama daga farko. Ko jarabawar Turanci irin IELTS da TOEFL shekara biyu kawai sakamakonsu yake aiki. Ka tambaye su dalla-dalla: gurbin zai jira ni? In akwai tallafi, zai biyo ni? Kuɗin makaranta na bana zan biya ko na baɗi? Zan iya sauya fanni kafin in shiga? Wace rana zan tabbatar musu ina zuwa? Kuma amsar ta zo a rubuce, da sunan ofishi da kwanan wata. "Kada ka damu, ka zo baɗi" daga bakin wani ma'aikaci cinikin biri ne a sama. Baɗin yana iya zuwa an sauya masa wurin aiki.

In suka ce ba sa ɗagewa, ra'ayina shi ne ka tafi makaranta bana. Na faɗa maka kai tsaye don kada ka ce na yi maka kwana-kwana. Gurbin injiniya ba a tsintarsa a hanya, kuma sake zaman jarabawar da ta gajiyar da kai haka ba hutu ba ne. Sai ka nemi sanin ƙa'idar sauya fanni bayan shekarar farko, ka mayar da dogon hutun ƙarshen zango ya zama taka sararawar. Duk abin da zan faɗa daga nan na wanda aka ajiye wa kujera ne.

Akwai kuɗin da shekarar nan za ta ci wanda ba ya fitowa a takardar kowane kamfani. Jinkirin shekara guda yana nufin albashinka na farko ma ya ja baya da shekara guda. Kuɗin makaranta ba kasafai yake sauka ba, hawa yake yi. Sannan ka duba shekarun ƙannenka. In wanda ke bin ka zai gama sakandare nan da shekara biyu, jinkirinka zai ƙara shekarun da mahaifinku zai riƙa biya wa mutum biyu a lokaci guda. Wannan lissafi ka zauna ka yi shi da alƙalami. A ɗaya gefen kuma, wanda ya shiga fannin da ba ya so, ya yi shekara biyu yana jan ƙafa sannan ya watsar, asararsa ta fi ta shekara guda nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban ɗauki shakkar da kake yi wa injiniyan da wasa ba.

Cuta biyu ka kawo min a wasiƙa ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Gajiya daban, shakka daban. Gajiyar jarabawa ba ta buƙatar wata goma sha biyu. Barci isasshe, motsa jiki, da mako huɗu zuwa shida ba tare da wani ya ce maka "ka yi karatu" ba, za ka ga kanka ya daina sarawa. Ka ɗauki wannan hutu da zuciya ɗaya, kada ka ji kunyarsa, amma ka sa masa ranar ƙarewa tun kafin ka fara.

Shakka kuwa barci ba ya maganinta, jirgin sama ma haka. Mutum yana iya zagaya ƙasa biyar ya dawo bai san ko yana son injiniya ba, domin ba a bakin teku ake yin injiniya ba. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ranar mai wannan aiki take wucewa daga safe zuwa yamma. To je ka gani. Nemi injiniyoyi uku da aikinsu ya sha bamban, misali mai aikin gini, mai aikin lantarki, da mai kula da injuna a masana'anta. Ta hanyar malamanka, ko iyayen yaran da kake koya wa darasi, ko abokan mahaifinka, za ka same su. Roƙi kowanne ya bar ka ka bi shi mako guda, ka riƙe masa jaka in ta kama. Kada ka tambaye shi ko aikin yana da daɗi, kowa zai ce eh. Tambaye shi wane ɓangare na aikin ya fi gundurarsa, awa nawa yake yi a gaban kwamfuta, da me ya yi a shekara uku na farko bayan kammala karatu. In akwai wani fanni da zuciyarka ke leƙe, wanda ba ka faɗa min ba amma ina zargin akwai, shi ma ka yi masa haka. Mutane sun fi yadda kake tsammani son a tambaye su game da aikinsu, musamman in mai tambayar ya zo a kan lokaci kuma ya yi shiru yana saurare.

Gwaji na biyu a ɗakinka za ka yi shi. Tun 2002 jami'ar MIT take zuba darussanta kyauta a shafin OpenCourseWare, har da lissafi da fiziks na 'yan shekarar farko. Shafin darussa na Khan Academy ma kyauta ne. Darasin CS50 na Harvard, na masu fara koyon rubuta manhaja, shi ma ana binsa ba ko sisi. Ɗauki darasi ɗaya, ɗaya tak, ka bi shi da aikin gidansa har ƙarshe. In ka tarar kana manta lokaci a kan wata matsala da ta ƙi warwaruwa, ka samu amsa. In kuma bayan hutawa, babu jarabawa babu mai matsa maka, har yanzu ranka yana ɓaci da ganin lissafin, ita ma amsa ce, kuma ka same ta da araha.

Wannan darasi yana da wani amfanin. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farko, kuma maimaitawa jefi-jefi ce ke riƙe shi. Lissafi yana da saurin tsatsa, har wasu sassan lissafi a jami'o'in Ingila ba sa murna da mai neman jinkiri saboda haka. Awa ɗaya a rana, kwana huɗu a mako, ta isa ta hana ka zama baƙo a aji ranar da ka koma.

Yanzu kuɗi. Abin da ka tara na wata uku, ka ɗauka babu shi. Shi ne na ko-ta-kwana, na rashin lafiya, na wayar da ta faɗa ruwa, na motar dawowa gida. Tafiya kuwa da sabon kuɗi za a yi ta, wanda za ka nema a cikin shekarar. Kuma kana da abin da yawancin masu rubuto min ba su da shi, sana'a a hannu. Wanda ya ci jarabawa bana har ya samu injiniya, iyayen masu zama baɗi nemansa suke yi. Maimakon yaro ɗaya a awa, haɗa uku ko huɗu 'yan aji ɗaya, kowa ya biya ƙasa da na da, kai kuma awarka ta fi tsada. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka zauna a gida wata shida ko bakwai kana wannan, domin a kasafin kowane matashi wurin kwana da abinci ne ke cinye kaso mafi girma, kai kuwa an ɗauke maka su. Duk abin da ya shigo ka raba shi a ranar da ya shigo, kafin hannu ya saba da shi: rabi na makaranta, littattafai da kayan zama da abin da rajista ba ta ɗauka ba, kashi ɗaya cikin uku na tafiya, sauran na aljihu da ɗan abin da za ka sa a gida. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Ranar da ka biya wa ƙaninka wani abu na makaranta ba a tambaye ka ba, rabin gardamar gidanku ta mutu. Kuma wata ɗaya cur ka rubuta duk abin da ka kashe, komai ƙanƙantarsa. Za ka sha mamakin abin da data kaɗai take ci.

Kamfanin nan kuwa, ko da kuɗin na zube a gabanka ba zan ce ka je ba. Tambayi kanka me ɗan shekara 18 da bai san harshen wuri ba zai yi wa marayu a wata uku wanda mutanen wurin ba za su iya ba da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin. Yaran su saba da kai, ka tafi, wani ya zo, shi ma ya tafi. Asusun UNICEF ya daɗe yana gargaɗi a kan wannan harka a ƙasashe irin su Kambodiya da Nepal, inda aka gano yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne da kuɗin baƙi suka kai su can. Abin ya kai a 2018 Ostareliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. Ban ce kamfanin da ka gani macuci ne ba. Na ce dai in tausayin yara ne ya motsa ka, akwai yaran da ba su iya karatu ba a tafiyar ƙafa daga ƙofar gidanku, kuma su za ka iya yi musu shekara, ba wata uku ba.

Tunda ka fara leƙe-leƙe a intanet, na san masu "aiki a ƙasar waje" ma za su same ka. Riƙe wannan: yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki kada su karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki. Duk wanda ya ce ka biya kafin ka ga takardar aiki, ko ya ce zai riƙe maka fasfo, ko ya ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido "daga baya a gyara", ka tashi daga wurin.

Hanyoyi na gaskiya masu sauƙin kuɗi suna nan. WWOOF, wadda aka fara a Ingila a 1971, tana haɗa matasa da manoma, ka yi aikin awa huɗu zuwa shida a rana a ba ka ɗaki da abinci. Jamus tana da shekarar hidimar sa-kai tun 1964, ana aiki a asibiti ko gidan tsofaffi ko makarantar yara, ana ba da kuɗin aljihu, amma sai da ɗan Jamusanci a baki. Ostareliya tana da bizar aiki da yawo ga 'yan shekara 18 zuwa 30, 'yan wasu ƙasashen har zuwa 35, sai dai ga masu fasfon wasu ƙasashe da ta lissafa kawai. Ka ga duk inda aka juya fasfonka ne ke yanke hukunci, kuma ƙasashe da yawa suna ɗaukar aiki a bakin ɗaki da abinci a matsayin aiki, bizar baƙo ba ta halatta shi. Ƙara da kuɗin biza da ba a mayarwa in an hana ka, inshorar lafiya, alluran rigakafi, tikitin dawowa, da sharaɗin fasfo ya rage aƙalla wata shida. Da kuɗin darasin wata bakwai, da wuya ka haye wannan katanga ba tare da ka taɓa rabon makaranta ba.

Don haka tafiyarka ta kusa ce, kuma ban faɗi haka don in rarrashe ka ba. Zaɓi wuri ɗaya a cikin ƙasarka, ko maƙwabciyarta in shiga babu wuya, inda ba a yin harshenka ko ba a rayuwa irin taku, kuma inda akwai wani babba da iyayenka suka yarda da shi. Je ka zauna mako shida ko wata biyu. Yawo daga gari zuwa gari shi ne ke cin kuɗi, kullum mota, kullum masauki, kullum abincin saye. Zama wuri ɗaya kuwa yana sa ka san farashin gaskiya, ka dafa da kanka, ka yi abokai, wataƙila ma ka samu yaran da za ka koya wa darasi a can. In ka dace ɗaya daga injiniyoyin nan yana da aiki a wani yanki mai nisa, ka roƙi ya tafi da kai. Ka sa tafiyar a wata na tara ko na goma, ka dawo da sauran aƙalla mako shida kafin buɗe makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma takardun rajista da neman ɗakin kwana suna da nasu jan rai.

Saura Baba. Shirunsa ba ƙi ba ne, ba kuma yarda ba ce. Ina jin jira yake ya ga ko shiri ne da kai ko gudu kake yi. Kada ka same shi da "ina so in gano kaina", ba zai san inda zai ajiye wannan magana ba. Same shi da takarda shafi ɗaya: ga amsar jami'a, ga ranar komawa, ga abin da zan riƙa yi kowane wata, ga abin da nake sa ran samu, ga yadda zan raba shi, kuma kuɗin rajista ba na buƙatar ko kwabo daga ciki. Ka roƙe shi duk ƙarshen wata ku zauna ya duba littafin kuɗinka. Ka kuma ba shi dama tun yanzu: in wata uku suka cika ba ka yin abin da ka rubuta, ya sauya tsarin yadda ya ga dama, ba musu. Mama kuwa, kwafin wasiƙar jami'ar za ka damƙa mata ta ajiye da hannunta, kuma ita za ka naɗa mai tuna maka ranar tabbatar da gurbi. Tsoronta ba zai tafi duka ba, amma za ta samu abin riƙewa.

Wasiƙar ofishin ɗaukar ɗalibai ka rubuta ta a makon nan, tun wa'adin rajistar bana bai wuce ba, don in amsar ta zo da a'a ka samu damar shiga da sa'o'inka. In ta zo, turo min abin da suka ce, kuma ka faɗa min wane fanni ne wancan da ka ɓoye.

Kawunka